An Ce Mu Karɓi Yara Masu Nakasa a Ajinmu, To da Me Za Mu Koyar da Su?

Wani hedimasta daga ɗaya daga cikin ƙananan hukumominmu ne ya aiko da tambaya. Ya ce an turo musu takarda daga ofishin sakataren ilimi cewa daga yau kada wata firamare ta sake mayar da yaro gida saboda nakasa, shi kuma ya bi umarni. Yanzu yana da yarinya kurma a aji uku, da yaron da shan-inna ya shanye wa ƙafafu a aji biyu, da wani zabiya wanda ba ya ganin rubutun allo. Ajin da ya fi ƙarancin yara a makarantarsa ya haura 90, kuma cikin malamansa babu wanda ya karanci ilimin masu buƙata ta musamman. Sai ya ce: "Don Allah wannan tsari ba romon baka ba ne? Ba gara a kai su makarantarsu ta musamman ba? In kuwa dole su zauna, ni me zan yi?"

Malam, Allah ya saka da alheri da ka karɓe su kafin ka yi ƙorafi. Da yawa ƙorafin suke fara yi, su bar yaron a bakin ƙofa. Na koyar a ajin kurame, daga baya na koma horar da malamai, kuma na sha zama a ofis irin naka ana nuna mini irin wannan takarda. Amsata a taƙaice ita ce: rabin maganarka gaskiya ce, amma yaran nan uku da ka haɗa a jimla ɗaya ba matsala ɗaya gare su ba. Biyu daga cikinsu za ka iya warware mafi yawan damuwarsu kafin ƙarshen wannan zangon. Ta ukun kuwa, yarinyar, ita ce ke hana ni barci, kuma a kanta zan fi daɗewa.

Bari mu fara da takardar, don ka san a kan me kake tsaye in ka je neman haƙƙinsu. A 1994 gwamnatoci 92 suka taru a Salamanca ta ƙasar Sifen suka amince cewa makarantar unguwa ita ce ta kowane yaro, ita ce za ta gyara kanta ta dace da shi. Najeriya ta rattaba hannu kan yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta haƙƙin masu nakasa a 2007, ta tabbatar da ita a 2010. A watan Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu nakasa. Sashe na 17 na dokar ya ce karatunsu kyauta ne har sakandare. Sashe na 18 ya ce kowace makarantar gwamnati ta kasance mai karɓar kowa, kuma ta samu aƙalla ma'aikaci ɗaya da aka horar don kula da su, tare da kayan aikin da suka dace. Ka riƙe wannan da kyau. Dokar da ta ce ka karɓe su ita ce dai ta ce a ba ka malami da kaya. Takardar da ta iso hannunka rabin farko kawai ta ɗauko, ta baro na biyun a hanya.

Me ya sa ta baro shi? Abu na farko, ilimi yana cikin abubuwan da tarayya da jihohi ke tarayya a kansu, kuma firamare a hannun jiha da ƙaramar hukuma take. Abuja za ta rubuta, amma wanda zai ɗauki malami ya biya shi albashi yana babban birnin jiharka. Na biyu, kuɗi. Dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga UBEC, hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, a tsarin rabon da aka daɗe ana bi kuma kashi 2 cikin 100 na wannan ne kason yara masu buƙata ta musamman. Yi lissafin da kanka: cikin kowace naira 10,000, naira 200 ce ke zuwa UBEC, naira 4 daga ciki ita ce tasu, a kuma raba ta ga jihohi 36 da Abuja. Na uku, wanda ya fi ci mini rai, aikin ba shi da mai shi. Tambayi ofishin ilimi na ƙaramar hukumarku waye za a tuhuma in yarinyar nan ta gama aji shida ba ta iya karanta sunanta ba. Za a dubi juna. Ko sunan tsarin ma ba mu tsayar da shi da Hausa ba. "Ilimin bai-ɗaya" UBE ta riga ta mallake shi, don haka ni "karatun haɗaka" nake cewa, kuma na san bai cika ba, domin haɗa yara a ɗaki ɗaya shi ne mafi sauƙin ɓangaren aikin.

To, ga zabiyan. Shi ne mafi sauƙi, kuma abin takaici shi ne aka fi yi wa kallon daƙiƙi. Ƙarancin sinadarin da ke ba fata launi yana taɓa ido ma, shi ya sa ganinsa ke da rauni, ƙwayar idon na rawa, haske kuma na damunsa. Tabarau na taimakawa amma ba ya mayar da ganin daidai, don haka kada malami ya ce ai an saya masa gilashi, me kuma yake so. Ka zaunar da shi a gaba, a inda hasken taga ba ya dukan fuskarsa ko allon. A ƙyale shi ya tashi ya matsa jikin allo duk lokacin da ya ga dama ba sai ya nemi izini ba. Malami ya riƙa furta abin da yake rubutawa da baki, ya yi manyan baƙaƙe, a kuma sake shafa wa allon baƙi, domin farin alli a kan allon da ya koɗe ko mai lafiyar ido wahala yake sha. In ya kai littafi dab da hancinsa kada a hana shi, haka yake gani, kuma ba ya lalata idon. Ranar jarrabawa a rubuta masa tambayoyin a takarda da manyan haruffa a ƙara masa lokaci. Sannan rana: a yarje masa riga mai dogon hannu da hula mai faɗi ko da sun saɓa wa yunifom, ya tsaya a inuwa lokacin asambuli, a cire shi daga sharar fili da tsakar rana. Kansar fata ita ce babbar barazana ga zabaya a ƙasarmu, kuma tun suna yara rana ke fara ɓarnarta. Duk wannan bai kai kuɗin buhun siminti ba.

Mai shan-inna kuma ƙwaƙwalwarsa lafiya lau, kunnensa da idonsa ma haka. Ba ya buƙatar malami na musamman ko kaɗan. Hanya yake buƙata. Kuma kafin ka yi tunanin ƙofar aji, je ka duba masai. Akwai wani yaro da na taɓa bibiya a wata makaranta, mai ƙoƙari, kullum sai ya ɓace bayan tara. Malamai suka ce yawon bara yake tafiya. Da na zauna da shi sai ya nuna mini silifa biyu da yake sawa a hannu in zai rarrafa. Ya ce da waɗannan hannayen yake shiga masan makaranta, da su kuma yake cin abinci, don haka ya gwammace ya koma gida in ya matsu, in ya koma kuma dawowa ta yi nisa. Ba ya shan ruwa da safe don kada fitsari ya kama shi. Babu wanda ya taɓa tambayarsa. Abin da ya gyara zancen shi ne ɗaki guda cikin masan da aka faɗaɗa wa ƙofa, aka gina ɗan wurin zama a kan ramin, aka kafa ƙarfen dafawa a bango, aka ba shi mabuɗi.

Gangaren hawa keken guragu kuwa, a nan ’yan kwangila suke ba ni dariyar takaici. Dokar 2019 ta ba da wa'adin shekara 5 a gyara gine-ginen gwamnati, wa'adin ya cika a Janairun 2024, kuma za ka ga sababbin azuzuwa da ɗan gangare a gefe don sufeto ya gani ya sa hannu. Na ga wanda ya miƙe tsaye kamar tsani, da kwata buɗe a gindinsa, yara sun mai da shi wurin sulu. Ƙa'idar ita ce kowane inci 1 na tsayi yana son inci 12 na tsawo. In barandar ajinka ta kai ƙafa 2 daga ƙasa, gangaren ƙafa 24 ne, ba ƙafa 4 ba. In ba ka da halin wannan, akwai dabara mafi arha: ka sauya wa ajinsu ɗaki, ka kai su wanda ya fi kusa da ƙasa da kuma masai, su ci gaba da zama a cikinsa duk shekara ko da sun ci gaba zuwa aji na gaba. Allon suna kawai za ka canza a ƙofa.

Yanzu yarinyar. Ina so gobe ka karɓi littafinta ka duba. Na kusa rantsewa za ka ga rubutu mai kyau, watakila ya fi na kowa a ajin tsafta. Malaminta zai ce maka ai tana ƙoƙari. Sai ka nuna mata kalma ɗaya daga abin da ta kwafa, misali "rijiya", ka ajiye mata hotuna uku ta zaɓi wanda kalmar ke nufi. Na yi wannan gwajin sau da yawa, kuma sau da yawa abin da nake tararwa zane ne. Yaron yana kwafar siffar haruffa kamar yadda ni da kai za mu kwafi rubutun Sinanci, shafi bayan shafi, shekara bayan shekara, ana ciyar da shi gaba. A rajista yana nan, a rahoton da za a aika sama an rubuta cewa makarantar ta rungumi kowa. Wannan shi ne mafi munin abin da takarda marar kaya ke haifarwa, domin ba ya nuna kansa. Gurgu in ya kasa hawa baranda kowa ya gani. Kurma kuwa tana zaune shiru, ba ta damun kowa.

Matsalarta ba ta tsaya ga rashin jin malami ba. Akasarin yara kurame iyayensu masu ji ne, kusan 9 cikin 10, don haka yaron na tasowa a gidan da babu mai harshen da zai iya ɗauka. Shekarun farko, musamman biyar ɗin farko, su ne lokacin da ƙwaƙwalwa ke kama harshe, kowane iri ne, na baki ko na hannu. Yaron da ya wuce wannan lokaci da nuni kaɗan na "zo", "ci", "tafi", ya iso makaranta ba shi da harshen da za a ɗora karatu a kansa. Shi ya sa tambayar farko da za ka yi wa mahaifiyarta ita ce: haka aka haife ta, ko daga baya ne? A yankinmu da sanƙarau ke zagayowa duk bazara, ga ƙyanda, ga ciwon kunne mai zubar da mugunya da ake sakaci da shi, yara da yawa sun fara magana kafin jinsu ya tafi. Wadda ta rasa ji tana da shekara 6 tana da Hausa a kanta, za a iya ɗora karatu a kai, kuma tana iya tsintar wani abu daga motsin leɓe in malami ya fuskance ta, bai yi magana yana kallon allo ba. Wadda aka haifa da shi kuwa labarinta daban. A kuma kai ta asibiti a auna jin, don wani lokaci akwai saura da na'urar kunne za ta ƙarfafa. Sai dai kada a ɗauka na'urar ita ce ƙarshen magana. Tana cin batir, tana son gyara, kuma a ajin yara 90 hayaniyar take ƙara wa ƙarfi tare da muryar malam.

Abin da take buƙata harshe ne da kuma abokan yin sa. A nan akwai abin da yawancin masu rubuta manufa ba su sani ba. Kuramen ƙasar Hausa suna da harshensu tun kafin zuwan boko, maganar hannu, wadda wata mai bincike Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta zauna a Kano ta yi nazarinta. Wadda ake koyarwa a makarantun kurame kuwa wata ce daban, tushenta na Amurka ne, ta shigo ta hannun Andrew Foster, wani kurma baƙar fatar Amurka da ya buɗe makaranta a Ibadan a 1960. Ta makarantar ce za ta kai yarinyar sakandare da jami'a, da ita tafintoci ke aiki. Ta gida kuma ita ce za ta haɗa ta da kuramen garinku da ’yan kasuwar da suka saba hulɗa da su. Ba na ganin dalilin da zai sa a raina ɗaya don ɗaya. Yara suna ɗaukar biyun kamar yadda ’ya’yanmu ke ɗaukar Hausa da Turanci.

Don haka ga abin da zan yi da ni ne kai. Kusan kowane gari mai girma yana da inda kurame ke haɗuwa da yamma, wurin wani tela ko mai shayi ko bakin tasha. Ka je can. Ka nemi babba, namiji ko mace, wanda ya yi makarantar kurame ya iya karatu da rubutu, irinsu suna nan da yawa ba aikin yi. Kwamitin SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da makaranta, ya ɗauke shi ko da na kwana uku ne a mako, a riƙa ba shi ɗan ihsani. Kurma babba a cikin aji ya fi bita goma da za a kira malamanka otal a koya musu haruffan yatsu cikin kwana uku su dawo su manta. Kuma yarinyar za ta ga, watakila karo na farko, cewa irinta na girma ya zama malami. Na taɓa haɗuwa da yaron da ya ɗauka in ya girma zai fara ji, saboda bai taɓa ganin babban mutum kurma ba.

Sannan kada ta zauna ita kaɗai. Ka yi magana da hedimastocin makarantu huɗu ko biyar da ke kewaye da kai. Kowannensu yana da kurma ɗaya ko biyu a aji ko a unguwa. A tara su a makaranta ɗaya da ke tsakiya, a ba su ɗaki, su yi karatun harshe da lissafi da maganar hannu da safe, su haɗu da sauran yara a wasanni da sana'ar hannu da sallah da cin abinci. Legas ta daɗe tana bin irin wannan tsari na buɗe sashe na musamman a cikin makarantun gwamnati na kowa da kowa. Wasu masu tsananin ra'ayin haɗaka za su ce wannan ma wariya ce. Ban yarda ba, kuma doka tana bayana: sashe na 20 ya ce a koyar da makafi da kurame da harshe da hanyar da ta fi dacewa da su, a muhallin da za su fi ci gaba. Yarinyar da ke zaune cikin mutum 90 babu wanda za ta yi wa hira, ita ce wadda aka ware.

Wannan ya kawo mu tambayarka ta makarantar musamman. Ba na cikin masu cewa a rufe su. Makarantar makafi ta Gindiri tun 1953 take yaye mutane, ga ta Tudun Maliki a Kano, ga ta A. A. Raji a Sakkwato, kuma yawancin makafi da kuramen Arewa da ka gani a ofisoshi da jami'o'i ta irin waɗannan makarantu suka bi. Nan ne ƙwarewar take. Amma ka duba lissafin: jiha kamar Kano tana da ƙananan hukumomi 44, makarantun musamman kuwa a kowace jiha ’yan ƙalilan ne, galibi a birni, galibi na kwana. Uwa nawa ce a ƙauye za ta saki ’yarta mai shekara 6, wadda ba ta iya faɗin abin da aka yi mata ba, ta tafi kwana a wani gari? In ka ce "a kai su makarantarsu", a aikace abin da ke faruwa ga mafi yawansu shi ne a mayar da su gida, daga gida kuma sai titi. Abin da ya dace shi ne waɗannan makarantu su zama rumbu: su horar da malamai masu zagaye, su buga littattafan Braille, wato rubutun makafi da ake shafawa da yatsa, su karɓi yaro makaho na shekara ɗaya ko biyu ya koyi rubutunsa da tafiya da sanda, sannan ya dawo makarantar unguwarsu. Makahon da ya iya Braille, yana da ɗan allonsa na ƙarfe da tsinken huda takarda, yana hudawa daga dama zuwa hagu don in ya juya takardar ya shafa daga hagu zuwa dama, zai zauna a ajinka ya yi gogayya da kowa, domin kunnensa na tare da malam. In bayan an auna yarinyarka an ga babu yadda za a samar mata harshe a kusa, iyayenta kuma sun amince, to makarantar kurame ta fi mata zaman zane haruffa. Ba zan ɓoye maka wannan ba.

Batun malami, kada ka ɗauka babu su. Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta musamman da ke Oyo tun 1977 take yaye su, jami'o'in Jos da Ibadan da Bayero duk suna da sashen wannan fanni. Abin da na sha gani shi ne a ɗauki wanda ya karanci koyar da kurame a tura shi wata makaranta yana koyar da Turanci, saboda a takardar ɗaukar aiki ba a duba fanninsa ba, gurbi kawai aka cike. Ka roƙi sakataren ilimi ya sa a duba fayilolin malaman ƙaramar hukumar. Zan yi mamaki in ba a samu ko mutum ɗaya ba. Canjin wurin aiki ba ya buƙatar sabon kasafi, sa hannu ɗaya ne.

Akwai kuma waɗanda ba ka lissafa ba, kuma sun fi ukun nan yawa. A kowane aji na yara 90 akwai mai ji sama-sama, akwai wanda ba ya ganin allo daga baya bai kuma san wasu na gani ba, akwai mai in'ina da ya daina ɗaga hannu, akwai wanda haruffa ke rikice masa duk da wayonsa, akwai mai farfaɗiya da iyaye suka ɓoye. Waɗannan su ne ke shan bulala da sunan daƙiƙanci. In ka tambayi iyaye "akwai nakasasshe a gidan nan?" za su ce a'a, Allah ya kiyaye. Masana ƙididdiga sun gano haka, shi ya sa yanzu ake tambaya ta wata fuska: yana shan wahala wajen gani? wajen ji? wajen tafiya? wajen tuna abu? wajen yi wa kansa wanka da sa kaya? wajen fahimtar magana ko a fahimce shi? Ka sa malamanka su bi yara da waɗannan tambayoyi shida, ka buɗe shafi a bayan rajista. Game da farfaɗiya kuma, ka tara malamai da ɗalibai ka faɗa musu ƙarara cewa ba a ɗaukarta ta yawu ko taɓawa. In ta tashi a kawar da benci daga kusa da yaron, a sa masa abu mai laushi a ƙarƙashin kai, a juya shi gefe in jijjigar ta lafa, kada a cusa masa cokali a baki, kada a ɗura masa ruwa.

Iyaye kuwa ka bi su a hankali. Uban da ya ce maka yaron ya fi amfani a bakin danja ba lallai mugu ba ne, lissafin tuwon dare yake yi, kuma bai taɓa ganin inda karatu ya kai irin ɗansa ba. Wa'azinka ba zai sauya shi ba kamar ganin makaho ko gurgu mai albashi ya zo ya zauna da shi a zaure. Ka jawo Sarkin Makafi da Sarkin Guragu na garinku cikin SBMC, sun san kowane gida da ke da irin waɗannan yara fiye da kowace ƙidaya. Ka nemi liman ya taɓo zancen a huɗuba. Abin ba baƙo ba ne a wurinmu: Suratu Abasa a kan makahon da ya zo neman ilimi ta sauka, Abdullahi ɗan Ummi Maktum, wanda ya zama ladan kuma aka sha bar masa riƙon Madina. A makarantar allo da zauren malamai makaho bai taɓa zama bare ba, ga Aliyu Namangi na Zariya shaida, wanda har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. Boko ce ta zo da allo a bango da jarrabawar takarda ta tace su waje.

Sai maganar neman kaya daga sama. Ƙorafi da baki a taron hedimastoci ba ya shiga fayil. SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, tana tsara jadawalin ayyukanta na shekara ne ta miƙa wa UBEC kafin a saki kuɗi, abin da bai shiga jadawalin ba kuwa sai wata shekarar. Don haka ka rubuta, kai da shugaban SBMC ku sa hannu, ta hannun sakataren ilimi, kwafi zuwa ga jami'in da ke kula da ilimin masu buƙata ta musamman a SUBEB, wani kwafin ga ƙungiyar masu nakasa ta jiha, don su sun iya bibiya. Kada ka rubuta "muna buƙatar tallafi". Ka rubuta yara nawa, aji nawa, matsalar kowanne, da abin da kake nema ɗaya bayan ɗaya: canjin malami guda, gyaran masai guda, keke guda daidai jikin yaro mai shekara kaza. Ka ambaci sashe na 18. Haka kuma lokacin cike fom ɗin ƙidayar makarantu ta shekara, kada ka bar gurbin masu nakasa fayau kamar yadda ake yi, domin daga wannan fom ake cewa ƙaramar hukumarku ba ta da su. In kaya sun zo, a yi amfani da su. Na taɓa buɗe sito a wata makaranta na tarar da injin buga Braille a kwalinsa, gara ta cinye gindin kwalin, hedimastan yana tsoron kada ya lalace a tuhume shi, alhali makarantar ba ta da makaho ko ɗaya, ta maƙwabta kuma tana da uku.

Ka kuma fara tunanin jarrabawa tun yanzu. Hukumomin jarrabawa suna da tanadi na manyan haruffa da Braille da ƙarin lokaci, JAMB ma tun 2017 ta kafa kwamiti na musamman mai shirya wa makafi jarrabawarsu, amma duk wannan sai an bayyana yanayin ɗalibi lokacin rajista. Ranar jarrabawa ba a gyara shi. Zabiyanka in ya isa aji shida, kai ne za ka tabbatar an rubuta.

Kafin duk wannan ya iso, akwai abin da malamin aji uku zai fara ranar Litinin. Ya matso da yarinyar gaba, a gefe, inda za ta ga fuskarsa ta kuma ga ’yan ajin in sun amsa. Ya zaɓi ƙawaye biyu da take sakewa da su. Kowace safiya, minti biyar, ita ce za ta tsaya gaban aji ta nuna alamar da take yi wa abu ɗaya a gida, ruwa ko akuya ko uwa, malam ya rubuta kalmar a allo ya zana hoton a gefe, yara 90 su maimaita alamar da hannuwansu. Kalma biyar a mako. A manna su a bango a bar su. In kurman da ka nemo ya fara zuwa, shi zai ɗora daga nan.